Bayan An Sallamo Shi Daga Asibiti

Jawabin Kwamitin Jin Daɗin Malamai ga taron wakilan Kazaure, Ɓaɓura, Roni da Gwiwa, a kan yanke gaɓa da tsadar ƙafar roba

 



Kwamitin jin daɗi ya nemi a ba shi wannan lokaci domin wata magana da ba a cika kawo ta gaban taro irin wannan ba. Mun saba tattauna albashi da ƙarin girma da kuɗin hutu da fansho, kuma dukkansu sun cancanci a tattauna su. Yau muna so mu yi maganar malamin da ya rasa ƙafa ko hannu, ko matarsa, ko ɗansa, ko ɗalibin da ke zaune a ajinsa: yadda ake kaiwa ga yankewar, abin da ke biyo bayanta, da dalilin da ya sa irin taimakon da muka gada, duk da kyansa, yake sauke mutum a tsakiyar hanya.

Kowa a nan ya san yadda abin yake gudana. Labari ya zo cewa wane ya yi hatsari a hanyar makaranta. Kafin azahar an buɗe takarda a ofishin hedimasta, kowa ya rubuta abin da ya sawwaƙa, sakataren reshe ya zagaya sauran makarantu, an cika mota an tafi dubiya Kano. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, kuma a wannan fanni ba a bar malamai a baya ba. Kuɗin nan su ke sayen jini da allurai, su biya tiyata, su ciyar da mai jinya. Sai ranar sallama ta zo, a yi barka da arziki, a shafa fatiha, takarda ta rufe. To, a lissafin wanda aka yanke wa gaɓa, ranar sallama ita ce ranar da kashe kuɗi na gaske ke farawa. Tiyata sau ɗaya ake yin ta. Ƙafar roba kuwa ana saye, ana gyara, ana sauyawa, har iyakar rayuwa. Gudummawar da aka tara a yini ɗaya ba za ta ɗauki nauyin shekara talatin ba, komai yawanta.

Hanyoyin da gaɓa ke salwanta a wannan yanki ba ɓoyayyu ba ne. Na farkonsu babur. Malamin da ke zaune a Kazaure yana koyarwa a Amaryawa ko Tunas, ko wanda ke tashi daga Ɓaɓura zuwa Kanya ko Insharuwa, ko mai ratsa burji da yashi zuwa Korayel ko Buntusu, rayuwarsa rabi a kan babur take, rani da damina. A kan titin Kano zuwa Daura kuma yana gogayya da manyan motoci, ƙafarsa ce bamba. Sai injinan niƙa da na sussuka, waɗanda ke cin hannun samari a lokacin kaka. Sai saran maciji a gona. Sai ciwon suga, wanda ke kashe jin ƙafa har mutum ya taka ƙaya ko ƙusa bai sani ba, ɗan miki ya zama gyambo, gyambo ya kai ga ƙashi. Sai kuma babban bala'i irin na Majiya da ke ƙaramar hukumar Taura, inda tankar mai ta kama da wuta a daren 15 ga Oktoba, 2024, fiye da mutum 150 suka rasu, waɗanda suka tsira da yawa suka fita da ƙuna mai barin nakasa. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya ba masu raunuka lafiya.

Akwai hanya guda da muke so mu tsaya a kanta, domin ita ce ta fi shafar yara, kuma ita ce malami ya fi kowa ikon tarewa. Ita ce ɗorin da aka matse.

Ba mu zo nan domin mu ci mutuncin masu ɗori ba. Sana'a ce ta gado, kuma kafin a gina asibiti ko ɗaya a ƙasar Kazaure su ne ke gyara karaya. Har gobe mutane za su je wurinsu, saboda suna kusa, kuɗinsu da sauƙi, ana iya biyansu da kaza ko da kwanon gero, kuma suna magana da mutum da harshen da yake ji. Amma akwai abin da jikin ɗan Adam ke yi wanda ba ya sauraron gado. Idan ƙashi ya karye, wurin yakan ci gaba da kumbura har kwana biyu ko uku. Idan aka jera kara aka ɗaure tamau tun ranar farko, kumburin ba shi da inda zai tafi sai ciki, ya danne hanyoyin jini. Naman da jini bai kai masa ba yana iya fara mutuwa cikin sa'o'i shida zuwa takwas, kuma abin da ya mutu ba ya dawowa. Likitocin ƙashi a Kano da Zariya da Maiduguri sun daɗe suna rubuta cewa ruɓewar da ke biyo bayan ɗori tana cikin manyan dalilan yanke hannu ko ƙafar yara a Arewa. Sau da yawa karayar ma ba wata babba ba ce: yaro ya faɗo daga bishiyar mangwaro, ko daga amalanke, ya karye a saman gwiwar hannu, karayar da a hannun likita kan warke cikin 'yan makonni.

Alamomin ba sa buƙatar karatun likita. Yaro na kukan zogi wanda ke ƙaruwa maimakon ya lafa. In aka miƙe masa yatsu sai ya yi ihu. Yatsun sun kumbura, sun yi sanyi, sun sauya launi, ko ya ce ba ya jin su. Daga baya ƙuraje masu ruwa su fito, sannan wari. Abin baƙin ciki shi ne, a daidai wannan lokaci ake ce wa iyaye su yi haƙuri, wai ɗori ne ke kamawa. Duk malamin da ya ga ɗalibinsa da ɗori da ɗaya daga cikin alamomin nan, kada ya jira taron iyaye da malamai, kada ya jira gobe. Ya je gidan da kansa, ya ce a kwance ɗaurin nan take, a nufi babban asibitin Kazaure ko na Ɓaɓura. In uban ya ƙi, a je wa mai unguwa ko liman. Ɓacin ran uba kwana biyu ne ya wuce. Hannun yaron kuwa in ya tafi ya tafi ke nan.

Idan aka kai matakin da likita ya ce sai an yanke, nan ma akwai asarar da jinkiri ke jawowa. Iyali su ce sai an tuntuɓi kawu a Legas, sai an gwada wani mai magani a wani ƙauye, wasu ma su sa hannu su fice da marar lafiya da dare. Bayan mako biyu a dawo, ruɓewa ta haura. Abin da za a yanke a ƙasan gwiwa sai a yanke shi a samanta. Da izinin wakilan Gwiwa, waɗanda sunan garinsu ya isa ya tuna mana darajar wannan gaɓa: bambancin mai gwiwa da marar gwiwa a wajen ƙafar roba ba kaɗan ba ne. Wanda aka bar wa gwiwarsa yana iya koyon tafiya har baƙo ya kasa gane shi cikin dogon wando, yana iya hawa keke, yana iya tsayawa gaban allo darasi bayan darasi. Wanda aka yanke a cinya sai an haɗa masa da gwiwar ƙarfe, ƙafarsa ta fi nauyi, ta fi tsada nesa ba kusa ba, kuma ƙarin ƙarfin da yake kashewa a tafiya na iya haura rabin abin da mai ƙafa biyu ke kashewa. Mako biyun da aka ɓata wajen shawara, da su ake sayen wannan bambanci.

Masu jin cewa yarda da yankewa gazawar tawakkali ce, su tuna da Urwatu ɗan Zubairu, ɗan 'yar'uwar Nana A'isha, ɗaya daga cikin manyan malaman fiƙihu bakwai na Madina. Ciwo ya kama ƙafarsa a tafiyarsa zuwa Sham wurin halifa Walidu ɗan Abdulmalik, likitoci suka ce in ba a yanke ba zai cinye jiki, ya yarda aka yanke. A wannan tafiya kuma ɗansa ya rasu. Ya koma Madina ya ci gaba da karantarwa har ƙarshen rayuwarsa. Malami ne kamarmu, kuma ya koma aji.

Yanzu ga ita ƙafar robar. Mutane da dama suna ɗaukarta kamar takalmi, a je kasuwa a faɗi lamba a ɗauko. Ba haka take ba. Sashen da ya fi muhimmanci shi ne kofin da dungu ke zama a ciki, wanda masu sana'ar ke kira soket, kuma shi ba a sayar da shi a shirye. Sai an jira miki ya warke, an yi makonni ana naɗe dungu da bandeji har kumburi ya saɓe, sannan a ɗauki siffarsa da filasta, a zuba, a gyara, a gwada, a sake gyarawa. Daga kofin sai bututun ƙarfe, sai tafin ƙafa, sai maɗauri, sai safa ta musamman ko shimfiɗar roba mai laushi da ke shiga tsakanin fata da kofi. Bayan an haɗa kuma sai an koyi tafiya a sashen gashi, a tsakanin sanduna biyu, kamar yaro mai tatata. Kofin da bai zauna daidai ba yana goge fata ya buɗe miki, ga mai ciwon suga kuma wannan miki na iya kai shi ga yanka na biyu.

A cikin shekarar farko dungu yana ramewa, kofin da aka yi masa ya yi masa yawa, dole a sake wani. Bayan nan, babban mutum kan bukaci sabuwar ƙafa kusan duk shekara uku zuwa biyar, gwargwadon aikinsa da irin ƙasar da yake takawa, kuma duwatsun Roni da yashin Ɓaɓura ba sa tausaya wa roba. Yaro kuwa girma yake yi, ƙafar ba ta girma; kusan kowace shekara sai an taɓa ta ko an sauya. Mu ɗauki malami ɗan shekara 35 da Allah Ya ba shi tsawon rai zuwa 70. Ko da duk shekara biyar ne, ƙafa bakwai ke nan, ban da safa da maɗauri da tafin da ya tsage a tsakani. Yarinyar da aka yanke tana aji uku na firamare, kafin ta gama sakandare an sauya mata sau da dama, in an samu kuɗin. In ba a samu ba, sai ta koma sanda, sannan ta koma gida.

Game da farashi, ƙafar ƙasan gwiwa mai sauƙi maganar dubban ɗaruruwan naira ake yi, ta saman gwiwa mai nagartar gwiwa kuma tana shiga miliyoyi. Dalilin a fili yake: gwiwar ƙarfe da tafin ƙafa da sinadaran haɗa kofi, yawancinsu daga waje ake shigo da su, da dala ake sayensu. A farkon 2023 dala ɗaya tana wajen N460 a farashin gwamnati. A cikin 2024 ta haura N1,500. Mafi ƙarancin albashi ya koma N70,000 a 2024, amma bai kamo wannan gudu ba. A kan haka a ɗora kuɗin mota. Daga Kazaure zuwa Kano kimanin kilomita 80 ne, daga ƙauyukan Gwiwa da Roni sai an fara fitowa titi tukuna, kuma tun da aka janye tallafin mai a Mayun 2023 kowa ya san yadda kuɗin mota ya koma. Mai ƙafa ɗaya ba ya tafiya shi kaɗai, ba ya iya matsuwa mutum huɗu a kujera, ga awo, ga gwaji, ga koyon tafiya, kowanne da ranarsa. Akwai iyalan da kuɗin zirga-zirga ne ya kayar da su kafin a kai ga kuɗin ƙafar.

Matsalar ba tamu kaɗai ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2017, ta ƙiyasta cewa mutum ɗaya cikin kowane 200 na buƙatar gaɓar roba ko ƙarfen tallafar gaɓa, wato mutum miliyan 35 zuwa 40 a duniya, kuma ɗaya cikin goma ne kaɗai ke samu. In muka auna wannan da ƙidayar 2006, wadda ta ba Jigawa mutum fiye da miliyan 4.3, za mu samu sama da mutum 21,000, kuma jihar ta ƙaru ƙwarai tun daga lokacin.

Akwai kuma abin da ba a rubuta shi a rasit. Yawancin waɗanda aka yanke wa gaɓa suna ci gaba da jin ta: ƙaiƙayi a yatsan da babu shi, zogi a diddigen da aka binne. Mutum ya farka da dare ya sauko da nufin taka ƙafar, ya faɗi. In ya faɗa a gida, sai a fara zancen iska ko sammu, wasu su yi zaton ya taɓu. Likitoci sun san wannan hali tun ƙarni na 16, lokacin da likitan yaƙi na Faransa, Ambroise Paré, ya bayyana shi a jikin sojoji. Ƙwaƙwalwa ce ba ta goge taswirar gaɓar ba, kuma akwai magunguna da dabarun gashi da ke rage shi, har da wata dabara mai arha ta amfani da madubi. Ga kuma ciwon zuciya: magidancin da ya saba ciyarwa ya koma ana ɗaga shi, malamar da ke fargabar abin da dangin miji za su fara raɗawa, matar da ta koma mai jinya da noma da neman cefane a lokaci guda. Masu dubiya sun ɗauke ƙafa tun watan farko. A nan ne karin maganar nan ta zumunta ke da sauran aiki, domin wata na shida ya fi makon farko bukatar baƙo.

Sannan rayuwarmu a ƙasa take. A tabarma muke zama, a tsugune muke alwala da kewayawa, muna cire takalmi a ƙofar masallaci da ƙofar zaure. Ƙafar da aka ƙera domin mai zama a kujera da rufaffen takalmi tana wahalar da mutuminmu. Mutanen Indiya sun fuskanci irin wannan, shi ya sa a 1968 a birnin Jaipur likitan ƙashi P. K. Sethi da wani maƙeri gwani, Ram Chandra Sharma, suka fito da tafin ƙafa na roba da katako wanda ake tafiya da shi ba takalmi, a shiga ruwa da shi, a tsuguna, a tanƙwashe. Wata ƙungiyar agaji da aka kafa a can a 1975 tana raba shi kyauta har yau, a Indiya da ƙasashe da dama. Duk mai zuwa awo ya gaya wa ma'aikacin yadda yake rayuwa, gona da masallaci da babur, kada kunya ta hana shi. Ta fuskar addini kuwa babu ƙunci. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito labarin sahabi Arfajatu ɗan As'ad, wanda aka yanke wa hanci a wani yaƙi na zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi wari, Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya umarce shi ya sa na zinare. Malaman fiƙihu kuma sun daɗe da bayyana cewa abin da aka yanke wankinsa ya faɗi, wanda ya kasa tsayuwa ya yi salla a zaune.

Ina ake zuwa? Mafi kusa da mu shi ne Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka buɗe a 1959, ɗaya daga cikin tsofaffin asibitocin ƙashi uku na tarayya tare da na Igbobi a Legas da na Inugu, kuma yana da sashen haɗa gaɓoɓin roba. Ƙungiyar Red Cross ta duniya ta fara aiki da wannan sashe a 2016 domin waɗanda rikicin Arewa maso Gabas ya raunata, sannan a 2020 aka buɗe cibiya ta musamman a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri. A Legas akwai gidauniyar Tolaram mai ba da ƙafar Jaipur kyauta, da gidauniyar Irede mai kula da yaran da aka yanke wa gaɓa. Lokaci zuwa lokaci kuma masu hannu da shuni da 'yan siyasa kan shirya rabon ƙafafu. Muna gode musu, amma ra'ayin wannan kwamiti shi ne rabon da ba a tanadi gyara a bayansa ba rabin alheri ne. An ɗauki hoto, an watse, bayan wata takwas kofi ya yi yawa ko maɗauri ya tsinke, ba lambar wanda za a kira, sai ƙafar ta koma ƙarƙashin gado. Ga mu da Kwalejin Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu a cikin Kazaure, cike da matasa masu koyon aikin ƙarfe da injiniya. Ba abin da zai hana a nemi a horar da wasu su riƙa ƙananan gyare-gyare a nan gida, ƙarƙashin kulawar ƙwararru, maimakon a tafi Kano saboda ƙusa ɗaya.

Yanzu ga abin da doka ta ba mu, wanda ba roƙo ba ne. Dokar Biyan Diyya ga Ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke gudanarwa, ta shafi ma'aikatan gwamnati da na kamfanoni. Mai ɗaukar aiki ne ke zuba kashi ɗaya cikin ɗari na jimillar albashi, ba a cire ko kwabo daga ma'aikaci. Dokar ta ƙidaya hatsarin da ya faru tsakanin gida da wurin aiki a cikin raunin aiki, kuma cikin abin da ta ba hukumar ikon samarwa har da sanduna da gaɓoɓin roba, a lokacin rauni da kuma bayansa. Amma tana da wa'adi: a sanar da mai ɗaukar aiki cikin kwana 14, shi kuma ya kai rahoto cikin kwana bakwai, a shigar da neman diyya cikin shekara guda. Wanda ke kwance a Dala ba zai tuna da kwana 14 ba, matarsa ma haka. Wannan aikin hedimasta ne da sakataren reshe, kuma muna so ya zama takarda ta farko da za a rubuta, kafin takardar gudummawa. Muna kuma kira ga shugabanninmu na jiha su nemi shaida a rubuce cewa ana zuba wannan kaso a madadin malaman firamare da na sakandare, su kuma nemi hukumar JICHMA, wadda ake cire mana kuɗin lafiya dominta, ta bayyana a rubuce matsayin gaɓar roba da gyaranta da gashi a cikin tsarinta.

Dokar Hana Nuna Bambanci ga Masu Buƙata ta Musamman, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a Janairun 2019, ta ware musu aƙalla kashi biyar cikin ɗari na guraben aikin gwamnati, ta kuma ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyoyin shigarsu. Wa'adin ya cika a Janairun 2024. Kowa ya tuna dakalin ajinsa da bayan gidan makarantarsa, ya ba kansa amsa. Jigawa ma tana da tata dokar tun zamanin Gwamna Muhammad Badaru Abubakar, kuma ita ce jihar da tun 2007, a mulkin Alhaji Sule Lamido, ta fara biyan naƙasassu alawus na N7,000 a wata, lokacin da mafi ƙarancin albashi na ƙasa yake N5,500. Gwamnatin Malam Umar Namadi ta ɗaga shi zuwa N10,000. Abin yabo ne, amma kuɗin cefane ne, an kuma tsara shi domin marasa aiki. Malamin da ya rasa ƙafa ba alawus yake nema ba. Yana neman a dawo da shi makarantar da ke kusa da gidansa, a ba shi aji a ƙasa da kujera mai tsayi gaban allo, a bar masa ranakun zuwa asibiti ba tare da an sa masa jan biro ba, kuma kada wani ya raɗa masa cewa ya fi masa sauƙi ya yi ritaya. Da kai da baki ake koyarwa. Yaran da suka ga malaminsu ya dawo aji da ƙafar roba sun koyi abin da ba ya cikin manhaja, musamman a ƙasar da aka saba haɗa nakasa da ƙoƙon bara.

Abin da kwamiti ke gabatarwa gaban wannan taro shi ne asusu na dindindin, dabam da gudummawar gaggawa, wadda za ta ci gaba yadda aka saba. Lissafin mai sauƙi ne. A kowane malami 1,000, in kowa ya ba da N300 a wata, an samu N300,000 a wata, miliyan 3.6 a shekara. Ba zai saya wa kowa ƙafa mai kwamfuta irin ta Turai ba, ba ma shi ne nufi ba. Zai iya ɗaukar sauyin kofi, da tafin da ya tsage, da kuɗin motar mutum biyu zuwa Kano, ya kuma tallafa wajen ƙafar farko. Mun san abin da ke zuciyar wasunku, domin an sha ganin asusun da ya shiga rami a ƙungiyoyi daban-daban. Saboda haka muke ba da shawarar kada a miƙa wa kowa kuɗi a hannu: a biya asibiti ko wurin haɗa ƙafa kai tsaye bisa takardarsu, mutum uku daga ƙananan hukumomi dabam-dabam su sa hannu, ɗaya daga cikinsu mace, a kuma buga shiga da fita a wannan mujalla kowane zango. Asusun ya shafi malami da matarsa ko mijinta da 'ya'yansu, har da wanda ya yi ritaya, domin ciwon suga ya fi kama mutum a shekarun fansho. Batun ɗalibai kuwa, muna ganin asusun ba zai iya ɗaukarsu ba a farko, amma reshe zai iya rubuta musu takardun neman taimako zuwa gidauniyoyin da muka ambata, ya kuma bi sawu.

Ba za a iya yanke adadin da za a riƙa cirewa ba sai an san yawan masu bukata. Don haka muna roƙon kowane hedimasta da firinsifal ya kawo wa sakataren ƙaramar hukumarsa, kafin hutun ƙarshen wannan zango, jerin malamai da iyalansu da ɗaliban da suka rasa gaɓa: wace gaɓa ce, a sama ko a ƙasan gwiwa, wace shekara, yana da ta roba ko babu, in yana da ita yaushe aka yi ta, kuma yana sa ta ko tana ajiye. A nemi yardar mutum kafin a rubuta sunansa, kuma jerin ya tsaya a hannun kwamiti. Da shi za mu dawo gabanku a taro na gaba da ƙudurin da za a kaɗa wa ƙuri'a.